Ɗakin Matafiyi a Kan Taya Biyu

Duk wanda ya ratsa unguwannin masana'antu na Kano a 'yan shekarun nan, ya fara da Bompai inda aka soma yanka filayen kamfanoni tun zamanin Turawa, sa'an nan ya gangara Sharaɗa da Challawa waɗanda suka bunƙasa da arzikin man fetur na shekarun 1970, lalle idonsa zai faɗa kan abubuwa biyu da suke maƙwabtaka da juna alhali babu wata mu'amala a tsakaninsu. Ga manyan zaurukan aiki waɗanda babbar mota za ta iya juyawa a cikinsu, an garƙame ƙofofinsu shekara da shekaru, ciyawa ta tsaga daɓen siminti, babu mai motsi sai maigadi da 'yar rediyonsa. Ga kuma, a jikin katangarsu ta waje, a bakin lambatu, samari masu walda sun kafa rumfar tsohon kwano suna ƙera ƙyauren gida da tagogi da kurar ruwa cikin rana da ƙura, da ɗan janareto wanda mansa yake lashe mafi yawan abin da suka samu. Ba na cewa dukan masana'antun sun mutu, domin har gobe majemu suna aiki a Challawa da Sharaɗa, ana niƙa alkama, ana narka roba, ana cika kwalaben lemo; amma wanda ya riski zamanin da ake haɗa keken Raleigh a Bompai, da zamanin da ma'aikatan masaƙu ke fitowa ayari-ayari a kowane canjin aiki, ya san girman abin da aka rasa. Ra'ayina shi ne ya kamata a buɗe wa waɗannan samari wasu daga cikin waɗancan zauruka, kuma daga cikin abubuwan da ya dace a fara ƙerawa a can akwai wani ɗan ƙaramin abu wanda mutanenmu ba su saba gani ba, ko da yake buƙatarsa ta daɗe a cikinsu, watau ɗakin kwana na tafi-da-gidanka wanda ake ɗorawa a kan taya biyu ƙaramar mota ta ja shi.

Asalin abin daga Amurka yake, kuma a cikin ƙunci aka haife shi. Bayan karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929, sa'ad da kuɗin masauki ya gagari mutane da yawa, kuma motocin zamanin ba su da ƙarfin jan kaya mai nauyi, sai mujallun masu sana'ar hannu suka riƙa buga zane da awo na yadda magidanci zai haɗa wa kansa 'yar tirela a bayan gidansa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojoji suka komo gida, ragowar kayan yaƙi suka cika kasuwa da araha, sai mutane suka riƙa lulluɓe 'yan tirelolin nan da falankin alminiyom irin na jikin jirgin sama, suna sa musu tayoyin jif ɗin soja. Mujallar Mechanix Illustrated ta buga wani zane a 1947 wanda mutane da yawa suka yi koyi da shi. Gaban tirelar ya yi tudu a zagaye, bayanta ya zube siriri domin iska ta zame a kanta, shi ya sa suka kira ta da sunan ɗigon hawaye. Girmanta kuwa falankin filawud ne ya yanke shi, ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, ta yadda ba a asarar katako wajen yanka. A ciki babu komai sai katifar mutum biyu da 'yan kantoci, mutum yana iya zama amma ba ya iya miƙewa tsaye. Ta baya akwai murfi da ake ɗagawa sama, a ƙarƙashinsa a sami wurin risho da tukwane da ruwa, mai girki yana tsaye a waje murfin yana yi masa inuwa. Nauyinta yawanci bai kai kilo 500 ba. Ta ja baya sa'ad da motoci da tirelolin Amurka suka ƙara girma, sa'an nan ta farfaɗo a ƙarshen shekarun 1990 da zanenta ya yaɗu ta intanet, har yau kuwa akwai masu ƙera ta da hannunsu a Turai da Ostireliya da Afirka ta Kudu.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa, wai wannan abin shaƙatawa ne na mutanen da suka ƙoshi, ina ruwan wanda yake neman na tuwo da shi. Amsar tana cikin tarihinmu, domin da wuya a sami al'ummar da ta fi Hausawa sanin kwanan hanya. Kakanninmu fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun yi ta kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni, kuma ba su yi ta da ka ba: akwai madugu mai jagorancin ayari, akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki, akwai zango sananne a ƙarshen kowane yini inda za a sauke kaya, a kafa bukkoki, a hura wuta, a tsayar da masu tsaro. Unguwannin zango da suke Kumasi da Ankara har yau shaida ne a kan wannan tadbiri. Bafillace yana ɗora kayan ɗakinsa a kan takarkari ya bi ciyawa, Buzu yana naɗe tantinsa ya aza wa raƙumi, alhazan dauri kuma sun keta Cadi da Sudan da ƙafa shekara da shekaru kafin su ga teku. Shari'a ita kanta ta ba matafiyi matsayi na musamman, ta sauƙaƙa masa da ƙasaru idan tafiyarsa ta kai buridi huɗu, watau mil 48 a mazhabar Imamu Malik, muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Ta yi masa rangwamen azumi. Ta sanya wanda guzuri ya yanke masa a hanya cikin mutum takwas da ake ba zakka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya, sai tafiyar ta gajarce, amma tsarin zangon ya watse, ba a kuwa maye gurbinsa da wani abu da talaka zai iya biya ba.

Wanda yake son ya ga haƙiƙanin abin da nake nufi, ya je Wudil daren Juma'a, ko Maigatari daren Alhamis, ko Ɗambatta daren Lahadi, ko kuwa Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatir. Zai tarar da dattijo mai iyali, wanda a unguwarsu ake tashi a ba shi wuri, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin babbar mota, ya yi matashi da takalmansa domin kada a ɗauke, ya ɗaure kuɗin cinikinsa a ƙugu cikin lalita, ya ja rawani ya rufe fuska saboda sauro, barcinsa rabi da rabi, kowane motsi sai ya ɗaga kai. In damina ce, hadari ya taso cikin dare, sai ka ga jama'a sun cunkushe a barandar shago ana kwanan tsaye. In hunturu ne, sai a kewaye wutar tsohuwar taya ana shaƙar hayaƙinta har asuba. Da gari ya waye wannan bawan Allah zai nemi lungun da zai kama ruwa, ya yi salla, ya shiga kasuwa ya yini yana lissafin dukiyar da wataƙila ba tasa ba ce, amana ce, sa'an nan ya kama hanyar wata kasuwar. Zazzaɓin da yake kwasowa, da gyangyaɗin da ke kama direbansa a kan hanya, da kuɗin da ake yanke masa cikin dare, duk hasara ce da ba a rubuta ta a littafin kowa, amma gidaje suna biyanta. Babban dillali yana da fatomansa wanda zai ba shi ɗaki da tuwo. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa, wanda shi ne mafi yawa, ba shi da kowa.

Ba 'yan kasuwa kaɗai ba. Masu haƙar rijiyar burtsatse suna yin makonni a ƙauye, haka masu injin girbin shinkafa a Kura da Kadawa, da ma'aikatan rigakafi, da likitocin dabbobi, da malaman da ake turawa makarantun 'ya'yan makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukuma ta musamman tun 1989 amma har yau matsalar inda malami zai kwana tana cikin abubuwan da ke hana shi zama a ruga.

To, in buƙata ta tabbata, sai a tambaya ko akwai hannun da zai yi aikin. A nan ba ni da shakka ko kaɗan. Garin da aka narka tama a gindin Dala tun kafin a gina ganuwa, garin da maƙeransa da dukawansa suka cika Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, bai rasa masu hikima ba. Su wa suke ƙera amalanken shanu da tsohon aksul ɗin mota, wadda take ɗaukar taki da dawa shekara goma ba ta karye ba? Su wa suke kafa bodin katako a kan manyan motoci, suke mayar da kwantena shago mai taga da kanta, suke haɗa injin niƙa da na sussuka a Dakata? Kayan aikin ma ba nesa suke ba: ƙarfe da sifirin da boris da tayoyi suna Ƙofar Ruwa, katako da filawud suna 'Yan Katako a Na'ibawa, faifan sola da batir sun zama ruwan dare. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin ƙaramin aikin nan da manyan ayyukan da muka taɓa gwadawa. An buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, aka kafa na Steyr a Bauchi, aka kafa na manyan motocin Fiat a nan Kano a kan hanyar Zariya, kowa ya yi murna. Amma da yake kusan kowane sashe na motar a cikin akwati yake zuwa daga Turai, da darajar naira ta zube bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, sai suka yi ta ramewa ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne ƙarfen da filawud ɗin da ke kasuwanninmu ma wani sashensu daga waje yake, amma abin da mutum zai iya haɗawa da kayan da ke cikin garinsu, sabo ko na hannu, ya gyara shi a kowace tasha, ba ya tsayawa domin jirgin ruwa ya makara a Legas.

Sai dai a daidai nan ne haɗarin yake, kuma saboda shi ne nake cewa a shigar da aikin cikin zaure mai tsari maimakon a bar shi a bakin titi. Ka nuna wa mai walda hoton abin a waya, zai juya shi sama da ƙasa, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, in dai ka kawo kuɗin ƙarfe, wannan ai ba wani abu ba ne." Ta fuskar hannu gaskiya ya faɗa. Amma ƙyauren gida in awonsa ya kuskure iyakarsa ya ƙi rufuwa, tirela kuwa in awonta ya kuskure rayuka take ɗauka. Akwai ƙa'idoji da ido ba ya ba da su, sai ilimi. Dole aksul ya zauna baya kaɗan da tsakiyar shasi, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar zai sauka a kan maƙalar da ke haɗa ta da mota. In aka yi akasin haka, nauyi ya rinjaya baya, da zarar mota ta ɗauki gudu sai tirelar ta fara lilo hagu da dama, lilon yana ƙaruwa har ya fizge motar daga kan kwalta, direba kuwa bai san laifin da ya yi ba. Dole a sa sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashin wuyanta, domin in maƙalar ta kuɓuce su tallabe ta kada ta kutsa cikin jama'a. Dole fitilun burki da na sigina su yi aiki tare da na mota, dole a riƙa cusa giris a boris, kuma hikima ce a sa mata taya irin ta motar da ke janta domin safaya ɗaya ta wadatar. Walda a wuyan tirela ba irin ɗigin da ake yi wa taga ba ce. Sai an narka ƙarfen ya shiga juna, wannan kuwa yana son wuta tsayayya wadda ɗan janareto ba ya bayarwa.

Malamanmu sun daɗe da sanin nauyin da ke wuyan mai sana'a. Imamu Gazali ya lissafa tushen sana'o'i, irin su noma da saƙa da ɗinki, cikin farali na kifaya, wanda in babu mai tsayuwa da shi a gari dukan garin ya yi laifi. Risalar Ibn Abi Zaid kuma, wadda kowane almajirin zaure ya sani, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka keɓanta da shi. Mas'alar a asalinta ta shafi dukiyar da aka danƙa musu, amma illar hukuncin, watau kiyaye maslahar jama'a daga sakaci, ta fi ƙarfi a inda abin da aka danƙa rai ne. Saboda haka wanda ya rage kaurin ƙarfe ya shafe da fenti, ko ya sa boris da ya san ya mutu, algus ya yi, kuma algus ne mafi muni daga na mai tauye mudu.

Bayan aminci sai dacewa da ƙasa, domin zanen da aka yi wa sanyin Amurka in aka kwafe shi yadda yake, a watan Afrilu da zafin Kano ke haura digiri 40, tanderu za a ƙera wa mutum. Wajibi ne bango da rufi su zama ninki biyu da soso a tsakani, a shafa farin fenti a waje, a buɗe taga biyu masu fuskantar juna da ragar sauro, a huda mafitar iska a sama, a rataya 'yar fanka mai aiki da sola; in an sauka kuma a ja tamfol a bisa rufin da ɗan rata a tsakaninsu, domin inuwar da ba ta taɓa jikin ɗaki ta fi kowane soso sanyaya shi. Ruwan Agusta yana neman bakin filawud, in ya samu ya shiga sai ya kumbura ya ruɓe, don haka kowace gaɓa sai an toshe ta, katakon kuma a shafa masa maganin gara. Gindinta ya ɗaga sama fiye da na Turawa saboda gargada da ramuka. Sa'an nan akwai abubuwan da mai zanen farko bai yi tunaninsu ba domin rayuwarsa ba ta buƙace su: rumfa a gefe mai labule, wadda za ta zama wurin salla tun da ba a iya tsayuwa a ciki, ta kuma zama sutura in da iyali, gurbin jarka biyu da buta, akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ƙarƙashin katifa, da 'yar kanta a sama inda za a ajiye Alƙur'ani. Abu ɗaya kuma da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin ƙofar kowace ɗaya, da boko da ajami, shi ne kada a shigar da kurfoti ko janareto ciki, kada kuma a kunna janareto kusa da taga, domin gawayi da inji suna fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mun kuwa sha jin gidajen da aka wayi gari an tarar da mutanensu duka sun rasu a kan shimfiɗa ta wannan hanya.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce ta tsaro, kuma ba zan raina ta ba. A zamanin da ake tare hanya ana sace mutane domin kuɗin fansa, babu mai hankalin da zai ce wa ɗan'uwansa ya ja ɗaki ya je ya kwana shi kaɗai a dajin Falgore. Amma fataken dā ma ba su kwana ɗai-ɗai ba, kuma hanyoyinsu ba su fi namu aminci ba. Abin da ya tsare su shi ne jama'a da zango. Saboda haka ɗakin nan da zangonsa tare za su zo. Kowace ƙaramar hukuma da ke karɓar harajin babbar kasuwa tana da ikon ta kewaye fili a gefenta, ta haƙa rijiya, ta gina makewayi da ɗan masallaci, ta sa fitilun sola, ta naɗa sarkin zango da masu gadi, a rubuta sunan kowane mai shiga da lambar motarsa, a karɓi kuɗi kaɗan sananne. Wannan tsari shi ne kuma amsar masu tsoron kada abin ya zama maɓoyar alfasha, tsoron da yake da tushe. Gama inda akwai rajista da ido, da sashen masu iyali daban, ɓarna ta fi wuyar samun wuri fiye da lungunan tasha da muke da su yanzu, waɗanda babu mai tambayar kowa. Wanda ma ba shi da tirela zai amfana da wannan zango, ya shimfiɗa tabarmarsa a cikin katanga maimakon ƙarƙashin mota.

Akwai kuma masu cewa ɗabi'armu ita ce baƙo ya sauka a gidan mutane, wanda ya zo da ɗakinsa kamar ya yanke zumunci ne. Ina girmama wannan magana, amma ina ganin ta manta halin da masu masaukin suke ciki. Gidan da dā yake da zaure da shigifa da ɗakin baƙi, yau an raba shi gado an yanka shi gida huɗu. Mai gida yana son ya yi karamci, wuri ne babu. Baƙon da ya ajiye ɗakinsa a ƙofar gida, ya ci tuwon mai gida, suka yi hira a zaure har dare, sa'an nan ya je ya kwanta ba tare da an tashi yara daga shimfiɗarsu ba, bai rage komai daga zumunci ba, nauyi kawai ya sauke.

Maganar kuɗi ita ma gaskiya ce. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kowace tafiya sai an yi mata lissafi, jan tirela kuwa yana ƙara shan mai komai ƙanƙantarta. Ba kowa ne zai mallaki tasa ba, ba kuma lalle ne ya mallaka ba. Abokan tafiya huɗu da suke hayar mota ɗaya suna iya haɗa adashi su yi guda, ƙungiyar 'yan kasuwa tana iya yin goma ta riƙa ba da haya, hukumomin lafiya da na gona kuwa su ne ya kamata su zama masu saye na farko, domin odarsu ce za ta ba maƙera ƙarfin farawa. Fiƙihu ya san cinikin da ake ba mai sana'a odar abin da bai ƙera ba tukuna, da sifa sananniya da ajali sananne, bankunan da ba sa mu'amala da riba kuma, irin Jaiz da ya buɗe a Kano tun 2012, sun san wannan babi.

Ban so in wuce ba tare da na ce wani abu game da fita domin hutu da tafakkuri ba, ko da yake na sa shi a baya da gangan. Muna da Tiga, wadda aka gama dam ɗinta a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, muna da Bagauda, muna da dam ɗin Challawa a ƙasar Ƙaraye, ga Yankari a Bauchi da ruwan ɗuminta na Wikki. Amma yaro zai girma a Fagge ko Kurna har ya yi aure bai taɓa kwana a bakin ruwa ba, bai ga yadda masunta ke jan koma da asuba ba, bai san sunan itatuwan da kakansa ya sani ba. Magidancin da ya ɗauki iyalinsa kwana biyu a lokacin sanyi, ya sauka a wuri mai tsaro, ya ja su salla a fili, ya nuna musu gonakin rani da garken shanu, ya koya musu abin da aji ba ya koyarwa, kuma duban halittar Ubangiji da idon basira ibada ce da aka umurce mu da ita. Kuɗin otal ne yake hana mafi yawan masu matsakaicin hali wannan alheri.

Abin da ya rage shi ne wanda zai fara. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa tana da reshe na Sharaɗa da Challawa, tana da na Bompai, kuma a cikin membobinta akwai masu zaurukan da suke biya wa haraji da kuɗin gadi alhali ba sa samun komai daga gare su. Ba da hayar zaure ɗaya ga ƙungiyar masu walda da kafintoci, a raba shi rumfa-rumfa, a haɗa kuɗin wuta da na injin yanka da na lanƙwasa ƙarfe, ya fi musu barinsa ga jemagu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da jami'ar kimiyya ta Wudil suna da malaman injiniya da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Su fitar da zane ɗaya tabbatacce, da kaurin kowane ƙarfe da mazaunin aksul, a rubuta shi da Hausa, awon kuma da inci da ƙafa domin da su masu walda suke aiki, a raba shi kyauta. A ƙera 'yan ƙalilan na gwaji, a ja su zuwa Maigatari cikin zafin bazara, a sake jan su cikin ruwan Agusta, a kwana a cikinsu, a gyara abin da ya bayyana. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tare da jami'an duba motoci da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, watau KAROTA, su fayyace hanya ɗaya mai sauƙi ta duba ƙaramar tirela ƙirar gida da ba ta lamba, da kuɗi a rubuce wanda kowa ya sani, domin in ba haka ba kowane shinge a hanya zai zama wurin ciniki, mutane kuma su gudu daga abin tun bai kafu ba. In an yi wannan a cikin shekara guda, sai a kai waɗanda suka ci jarrabawa filin baje koli na hanyar Gidan Zu a ƙarshen shekara, a buɗe ƙofofinsu, a rubuta farashi da nauyi da sunan rumfar da ta ƙera kowace ɗaya a jikinta, a gayyato shugabannin 'yan kasuwar Dawanau da na Wudil su shiga su kwanta su faɗi abin da ya rage.